Masarar Hajo

Jiya da hantsi ruwa ya tsare ni a gidan ƙanwata Hajo. Masara na kai mata daga gonar Baba, ban ko gama jingine mashin ba sama ta saki. Irin ruwan Agustan nan namu na Birnin Gwari, ba iska ba tsawa, kawai ya zo ya zauna maka kamar baƙon da ya taho da tabarmarsa. Na hura gawayi a baranda ina gasa guda biyu, sai ga ɗanta Halifa ya fito yana kuka, majina har leɓe, rungume da gwangwanin madara.

"Kawu, asaimen ɗina ya mutu."

"Inna lillahi. Ƙarfe nawa ne jana'iza?"

Ya ƙara ƙarfin kukan. Ashe wake aka ce su shuka da hutu, kowa ya kawo ranar komawa. Gogan ya ajiye gwangwanin daidai ƙarƙashin indararo, waken ya sha ruwa har ya ruɓe.

Na ce, "Kai, share hancinka. Kana kuka a kan wake ƙwaya uku? Ka san abin da uwarka ta gani a kan nata asaimen?"

Daga kicin ta ɗaga murya: "Yaya Bala, kar ka fara."

Ai na riga na fara.

A waccan shekarar ina aji biyar, na yi wa bencin girma, don ni karatu bai taɓa samuna a gida ba. Hajo tana aji biyu, karo na biyu. Auta kuwa bai fi shekara uku ba. Muna ƙauye lokacin, can gefen Kuyello, tun kafin zaman daji ya gagare mu mu tattaro mu dawo gari. Gidanmu ne na ƙarshe. Kana tsallake danga, ka shiga daji.

Matsalar Hajo ba ƙwaƙwalwa ba ce, in'ina ce. Amsa na cikinta, amma kafin ta fito an kaɗa ƙararrawar tashi. Yara suna ce mata Ha-Ha-Hajo. Na daki biyu a kan haka, duk da dai, tsakani da Allah, ni na ƙirƙiro sunan a gida.

Malaminsu Malam Bitrus ne, mutumin kudancin Kaduna, dogo, siriri, kekensa ya fi shi surutu. Ana gab da faɗuwar damina ya raba wa 'yan ajinsa irin masara, kowa ɗan cikin tafi. An shafa mata wani jan magani. Ya ce ta wuri ce, kowa ya shuka a gida, ya kula da abarsa, bayan dogon hutu ya kawo goyo ɗaya a gani.

Baba ya juya ƙwayoyin a hannu ya ce, "Masarar boko ke nan? Har da jambaki." Ya nuna mata bayan makewayi, wurin da ko kaza ba ta so, ya ce ta je can ta yi nomanta.

Ruwan farko ya sauka, kowa ya fita shuka. An yi tsiro kyakkyawa. Daga nan sama ta kulle. Kullum da yamma hadari zai haɗo ta gabas baƙi ƙirin, mata su fito da robobi, iska ta taso ta kore shi kamar an biya ta. Rana kuwa sai ka ce a kan wuyanka aka ɗora ta. Ganyen masara ya naɗe, ƙasa ta tsage, aka fita roƙon ruwa, mu a filin Idi, su Malam Bitrus a coci. Kafin ruwa ya dawo, gonar Baba ta ƙone ƙurmus. Dole ya sauko da ragowar irin da ke rataye saman murhu, bai isa ba, ya haɗa da abin da ke cikin rumbu, ya sake shuka. Wato abincin da za mu ci a Agusta, shi muka binne a Yuli.

Amma fa masarar boko tana nan kore shar. Hajo ta kafa doka a gidan nan: kowa a cikin daro zai yi wanka. Ka gama, ta ja daron ta kai wa shukarta. Ruwan wanke-wanke nata ne. Baba zai tsuguna alwala, sai ya ga an turo kwano ƙarƙashin gwiwar hannunsa.

"Ke, lafiya?"

"Ba-Baba, ka ci gaba."

Ni kuwa da ba na son wanka, sai da ta mai da ni mai tsafta. Da na shigo za ta toshe hanci ta ce ina wari, don kawai ta samu ruwa.

Aka yi jarrabawa, aka ba da hutu. Hajo ta zo ta ƙarshe, kamar yadda ta saba. Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ya yi. Ya ce, "Shekara uku a aji ɗaya ba karatu ba ne. In maimaitawa ce, ta zauna ta taya uwarta aiki." Hajo ta shige bayan makewayi, ta tsuguna cikin masararta, ba ta fito ba har la'asar.

Washegari sai ga ƙarar keke. Malam Bitrus ya zauna da Baba a zaure, ni kuma na laɓe ina gyaran abin da bai lalace ba.

Ya ce, "Malam Audu, yarinyar nan ta sani, baki ne ke riƙe ta. Jarrabawar baki ba za ta ci ba, to bari mu gwada ta hannu. In ta kawo mini masarar da ta noma ranar komawa, ni zan kai ta aji uku da kaina."

Baba ya kalli rumbu, ya kalli malamin. Ya ce, "In ta kawo."

Duk wanda ya san Agustan yunwa irin wannan ya san abin da Baba ke nufi. Masara a gidan mai yunwa ta kai tsakiyar Satumba? Ni ma dariya na yi. Amma da na ga fuskar Hajo, na ce mata, "Ke dai ki yi ta ban ruwa. Tsaro nawa ne."

Sai marka ta shigo. Ruwan da muka yi ta roƙo ya zo duka a lokaci guda. Ka kwanta ana yi, ka tashi ana yi. Bunu ya jiƙe yana wari, itace ya ƙi kamawa, Inna ta yi ta hura wuta har idonta ya zama ja. Tsakanin yatsun ƙafarmu ya yi fari yana ƙaiƙayi. Da safe kunu ne tsululu, in ka leƙa kwano sai ka ga fuskarka ta leƙo ka. Baba ya saɓa fartanya ya tafi ƙodago, da yamma ya dawo da ɗan abin da aka auna masa a ƙasan buhu. Inna ta shiga daji tsinkar tafasa da rama. Tafasa da rana, tafasa da yamma, yau da ƙuli, gobe da gishiri kawai. Har yanzu in na ga tafasa a gefen titi ina ƙara wa mashin wuta.

Ni aka bar wa yara. Aikin hutu da aka ba ni na lissafi ne, ban ma san inda littafin ya kwana ba. Hajo ce ke zama ƙofar ɗaki tana jan baƙi a ƙasa da tsinke, Auta yana bi yana gogewa da ƙafa.

Ana cikin haka masara ta yi goyo, ta fitar da gemu. 'Yan karare ne da ba su wuce ka ƙirga da yatsu ba, amma a duk ƙauyen nan babu wata masara da ta kai nan. Sauran 'yan ajin, wanda tasa ta tsira daga fari, tun tana ruwa-ruwa aka gama da ita. Akwai goyo ɗaya a tsakiya, ƙato, ya fi damtsen Hajo kauri. Ta sa masa suna Hedimasta. Kullum da safe sai ta gaishe shi, kuma abin mamaki, da shi ba ta in'ina.

Abokan gaba na farko abokaina ne. Iro, ɗan maƙwabtanmu da ke aji ɗaya da Hajo, ya fara zagaya dangarmu da rundunarsa kamar masu neman allura. Na san su, don da a gidan wani ne, ni zan ja gaba. Duka ba zai yi ba, sun fi ni yawa. Sai na samo jan ƙyalle, na ƙulle kashin akuya a ciki, na haɗa da katantanwa da gashin kaza da tsohon silifas, na rataya a sanda tsakiyar masarar, irin yadda tsofaffi ke yi a gonakin nesa. Na je dandali na zauna ina tsaki.

Iro ya ce, "Mene ne?"

"Ba komai. Tausayi kawai nake ji. Wani maharbi ne ya kwana gidanmu, ya ɗaure masarar nan. Duk wanda ya ci ba da izini ba, cikinsa zai kumbura, in ya buɗe baki zai yi magana sai kukan akuya."

"Ƙarya kake."

"To je ka ci mana. Ni ma so nake in ga yadda abin yake."

Daga ranar, ko ƙwallo ta faɗa wajen, nan take kwana.

Baba ne ya gani da ya zagaya. Ya kira ni da kakkausar murya. "Wane ne ya rataya mini wannan shirme a gida?"

"Baba, wallahi ba komai a ciki. Kashin akuya ne."

Ya kwance, ya duba, ya shinshina. Na ga gemunsa yana rawa. Ya mayar ya ƙulle yadda yake, ya ce, "Allah ya shirye ka." Ya wuce. Bai ce in cire ba, ni kuma ban tambaya ba.

To amma birai ba sa zuwa dandali, labarin maharbi bai kai musu ba. Wata safiya muka ji Hajo tana ihu. Jajayen birai ne suka fito daga daji, babbansu zaune kan danga yana ɓare goyo ɗaya cikin natsuwa, yana kallona kamar ni ne baƙo. Kafin in ɗauko dutse sun tafi da biyu. Ɗaya ma ya tafi da silifas ɗin maganin.

Muka raba aiki. Hajo da gwangwani da sanda, ni da gwafa, Auta da baki, don kukansa ya fi gwangwanin ƙara. Cikin ruwa, buhu a ka, haƙora na kaɗawa. Amma biri ya fi ka haƙuri. Jira yake ka shiga fitsari.

Maƙwabciyarmu Maman Talatu, 'yar ƙabilar Gbagyi, ita ta ga wahalarmu. Ta sauke itacen da ke kafaɗarta ta ce, "Ku yara, biri ba a kore shi, koya masa hankali ake yi." Ta kawo barkono mai ɗan karen zafi, muka daka, muka kwaɓa da ɗan man ja don kar ruwa ya wanke, muka shafe goyon da ke bakin danga ciki da waje. Muka ɓuya a makewayi muna leƙe.

Babban ya zo da taƙama. Ya ɓalle, ya ɓare, ya gatsa. Ya tsaya. Ya sake gatsawa don bai yarda ba. Sai kuma ya yi kuskuren da ni ma na taɓa yi: ya sosa ido. Jama'a! Tsalle ɗaya ya yi ya faɗa kan danga, danga ta karye da shi, ya tashi ya yi karo da rumbu, ya shiga daji yana zagin kakanninmu da yarensu. Hajo ta yi dariya har ta zauna cikin taɓo. Rabon da in ji dariyarta tun kafin jarrabawa. Ba su sake dawowa ba.

Saura babban abokin gaba, wanda ba ya jin magani ba ya jin barkono, don a cikin gida yake kwana.

Inna ba ta taɓa taɓa masarar nan da kanta ba. Sai dai ranar da abu ya yi tsanani ta tsaya bakin makewayi ta ce, "Hajo, a ara mana ɗaya." Hajo ta je ta zaɓo ƙarama ta kawo. A gasa, a karya, kowa ya samu ɗan guntu. Ƙamshin nan, wallahi har yau ban ji turaren da ya kai shi ba. Mu cinye, mu tsotse totuwar. Haka aka yi ta ara ana ara, har ya rage Hedimasta shi kaɗai a tsaye, ɓawonsa ya fara bushewa.

Saura kamar mako guda a koma makaranta, rafi ya cika ya tumbatsa. Baba yana can tsallaken rafin wurin ƙodago, ba hanyar dawowa. Kwanaki muna kallon ruwa. Gari ya ƙare. Ɗan rogon da Maman Talatu ta raba da mu ya ƙare, ita ma nata yaran tafasar suke ci. Sai Auta ya kwanta da zazzaɓi. An samu ya sauka, amma yaro ya ƙi cin komai. A ba shi tafasa, ya dawo da ita. Wuyansa ya zama kamar tsinke. Kukan nan nasa mai korar birai ya koma ɗan nishi. Abu ɗaya yake faɗa: "Masaya. Inna, masaya."

Inna tana jijjiga shi, ta juya wa makewayi baya. Ba ta ce a ara ba. Ta san wannan ba aro ba ne.

Da rana tsaka ina gyaran danga, sai na ji ƙas! Na juyo. Hajo ce tsaye, Hedimasta a hannunta.

"Ke! Kin haukace? Aji uku ne fa a hannunki!"

Ba ta kula ni ba. Na sha gabanta. Na ce ta bari in shiga daji, in nemo ko tsuntsu ne, ko zuma, ko me. Ƙarya nake, na sha shiga ban samo komai ba, ita ma ta sani. Ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Yaya, matsa." Tas, ba gargada.

Na matsa.

Inna ta ce, "Mayar da ita, 'yar nan." Kamar ana mayarwa. Hajo ta zauna, ta ɓare, ta sa babban yatsa ta fara murje ƙwayoyin cikin ƙwarya. Layi na ɗaya, na biyu, na uku. Ni kuma kaina ya fara aiki, don a nan ne kawai yake aiki.

"Tsaya! Kar ki zagaye ta. Bi ta tsawo, gefe ɗaya. Malam cewa ya yi a kawo a gani, bai ce zai zagaya bayanta ba."

Ta murje gefe ɗaya tas, ta bar ɗayan. Inna ta daka, ta tace, ta dama kunu mai kauri. Auta ya kama kwanon da hannu biyu. Muna tsaye a kansa muna jin yadda yake haɗiya. Ya shanye, gumi ya keto masa, ya yi gyatsa irin ta manya, ya ɓingire da barci. Dusar da ta rage Inna ta zuba mana cikin tafasa. Ranar ko tafasa ta yi daɗi.

Washegari ruwa ya ja, Baba ya tsallako da 'yar dawa a ka. Inna ta ba shi labari a ɗaki. Ya fito ya ce a kawo masa masarar. Ya juya ta, ya daɗe yana kallon gefen da ba komai. Sai ya shiga madafi, ya miƙa hannu saman murhu, wurin igiyar iri da ta zauna fanko tun da aka sake shuka, ya ɗaure ta a can. A gidajenmu abin da ya hau igiyar nan ya tashi daga abinci. Ko mutum zai kwana uku bai ci ba, ba ya kallon wajen.

Ya ce, "Wannan iri ce. Kun ji ko?" Ni ya kalla. Ban san dalili ba.

Ranar komawa na sha wahalar horar da ita. Ki riƙe ta haka, mai kyau a gaba, marar kyau a ƙirjinki. In ya miƙo hannu, ki yi kamar ba ki gani ba. Na gudu daga ajinmu na maƙale a tagar aji biyu, inda suka taru kafin a wuce da waɗanda suka ci zuwa aji uku.

Malam Bitrus ya ce, "To, manoma, kowa ya fito da tasa."

Tsit. Aji guda sun cinye asaimen. Wannan ya ce fari, wancan ya ce akuya, wata ta ce kakarta. Iro ya ce, "Malam, tsuntsu ne."

"Tsuntsun da gishiri ya ci, ko haka nan?"

Sai Hajo ta tashi. Ta zaro Hedimasta daga hijabi, ya sha hayaƙi ya yi jawur yana sheƙi. Aji ya ɗauki "Kai!" Ta riƙe daidai yadda na koya mata. Ina ta murna a taga. Malam ya miƙo hannu. Ina yi mata alama, ina girgiza kai, wuyana har ya yi ƙara. Yarinyar nan ta dube ni, ta juya masarar da kanta, ta nuna masa gefen da ba komai.

Malam ya ce, "Ina rabin?"

Ga aji cike, ga masu ce mata Ha-Ha-Hajo duk sun zuba ido. Ta ja numfashi.

"Ƙanina ba shi da lafiya. Na dama masa kunu."

"Ya sha?"

"Ya shanye. Ya warke."

Ko harafi ɗaya bai maƙale ba. Malam Bitrus ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa, tabaran da ba abin da ya same shi. Ya ce, "Ɗauki jakarki." Ya kama hannunta, ya ratsa fili da ita, masarar a ɗage sama kamar kofin ƙwallo, har ƙofar aji uku. Ni na manta a ɓoye nake, na kurma ihu. Na sha bulala, kuma ban taɓa shan mai daɗinta ba.

Ya mayar mata da masarar ya ce ta kai wa Baba. Damina ta gaba Baba ya shuka ta a gona sosai, ba bayan makewayi ba, bai kuma ƙara zancen jambaki ba. Maƙwabta suka karɓi iri. Kafin mu bar ƙauyen, in ka ce 'yar Hajo, kowa ya san masarar da kake nufi. Da muka taso, cikin ɗan kayan da muka iya ɗauka har da ita.

Ina kaiwa nan na ga Halifa ya daina kuka, baki buɗe.

"Mama, da gaske ke ce ta ƙarshe a aji?"

Silifas ya fito daga kicin ya same ni a kafaɗa. Matar da yanzu take sa fararen kaya tana yi wa mutane allura a asibiti, amma saitinta na nan. Ta fito da wake cikin tafi ta ba shi. Ni kuma na samo ƙusa na huda masa gindin gwangwanin, na nuna masa inda indararo ba ya kaiwa.

Masarar ta gasu. Na miƙa masa ɗaya na ce, "Riƙe da ladabi, jikar jikar Hedimasta ce."

Ya zauna yana ci yana hurawa. Can na duba, sai na ga ya bi ta tsawo, ya cinye gefe ɗaya tas, ya tsaya. Ya tashi ya nufi kicin da ragowar.

"Mama, ga naki."